Muryar Mai Lifta

Litinin, 3 ga wata, 8:20 na safe

Na koma aiki yau bayan kwana goma sha biyu. Kowa sai gaishe ni yake da ƙaramar murya kamar wadda za ta fashe. An janye kujerar Yaya daga teburinsa, an jingine ta bayan firinta, har an ɗora mata kwalin takardu. Na sauke kwalin, na ja kujerar da ƙara sai da kowa ya ɗago, na mayar da ita inda take. 

Ban bi ta matakalar baya ba. Ba zan ƙara bi ta nan ba, kuma ba sai na rubuta dalili ba.

Umma ce ta ba ni littafin nan, wai in riƙa zuba abin da ke cina a ciki tunda na ƙi yi wa mutane magana. To, bari in fara da aiki, shi na iya.

Mu shida ne a ofis, shekara uku muna gina wasan kwamfuta guda ɗaya, Hawa na Bakwai. Irin wasan nan ne da ba harbi, ba gudu. Ka kai kibiya kan abu ka danna, a ba ka labarinsa. Ka ɗauki wannan ka ɗora kan wancan, ƙofa ta buɗe. Wata mai gyaran waya ce ta kama ɗaki a tsohon bene mai hawa shida, sai ta tarar liftar gidan tana da maɓalli na bakwai, rabin maƙwabtanta kuma aljanu ne masu shanya kaya a baranda kamar kowa. Duk abin da ka danna, wanda ke amsa maka ta lasifikar bango shi ne Mai Lifta, fatalwar wani dattijo mai baƙar magana da ya shekara arba'in bai fito daga liftar ba.

Ni ke rubuta maganarsa. Yaya ke faɗa. Layi ɗari takwas da sittin na rubuta, ya ɗauki duka sai arba'in da ɗaya, wato fitowa ta ƙarshe, inda Mai Lifta zai kai yarinyar hawa na bakwai ya taka waje. Ranar Alhamis ya so ya ɗauke su. Abin ya faru Laraba.

Oga ya leƙo ya ce gobe yana son mu zauna. Na san zaman.

Litinin, 6:05 na yamma

Ba za a taɓa muryarsa ba.

Talata, 4 ga wata, 1:30 na rana

Oga abokin Yaya ne tun suna firamare, shi ke rubuta injin wasan, shi ke riƙe da jadawali. Ya shigo ɗakin taro da shayi kofi biyu, abin da bai taɓa yi min ba, na san da walakin goro a miya.

"Auta," ya ce, don haka yake kirana irin na gida, "kamfanin da zai fitar da wasan ya ce talatin da ɗaya ga wata. Sun ɗaga mana sau biyu, ba na uku."

"To sai a ba su."

"Da me? Ƙarshen ba murya. Kuma ba a fara mutum da murya ɗaya a gama shi da wata. In za a sa wani, sai ya sake duka daga farko."

"Wato a goge ɗari takwas da sha tara saboda arba'in da ɗaya."

"Ba gogewa ba ne. Za a ajiye."

"A ina? Bayan firinta?"

Ya sunkuyar da kai yana juya cokali a kofin da ba sukari. Ya ce shi ma abin na cinsa. Na ce in yana cinsa ya ci shi shi kaɗai, amma in aka sa bakin wani a kan rubutuna zan cire sunana in cire rubutun, su nemi mai rubuta musu layi ɗari takwas cikin sati huɗu. Ban san ko ina da ikon yin haka ba. Shi ma bai sani ba, shi ya sa ya yi tsuru-tsuru.

Ban sha shayin ba.

Laraba, 5 ga wata, 7:10 na yamma

Tun Asabar da aka sallamo Yaya daga asibiti, bayan shanyewar ɓarin jikin da ta ɗauke masa magana, gidan Umma aka kawo shi, tunda namu a ƙasa yake, nasu hawa uku. An ba shi ɗakin da ke kallon nawa, matarsa, Anti, ta shimfiɗa katifa a gefe. Ƙofar kullum a ɗan buɗe. Na ƙware wajen wucewa da takalmi a hannu.

Anti ta tare ni a kicin. Ta ce, "Ya tambaye ki."

Na ce, "Da me ya tambaye ni?"

Ya fita daga bakina kafin in kama shi. Ta dube ni kawai, ta ɗauki farantinta ta wuce. Na ji kunya har cikin ƙashina, amma ban bi ta ba.

A bas, tafiya da dawowa, ina sa abin kunne in saurare shi. Akwai layin da yake cewa, "Wannan agogon ya tsaya tun kafin a haife ki, amma ya fi ki zuwa kan lokaci." Yana faɗa yana danne dariya. Sau shida na maimaita har na wuce tashata.

Juma'a, 7 ga wata, 4:45 na yamma

Oga ya kawo mutum uku gwajin murya. Ya ce ba sai na zauna ba. Na zauna, a gaba ma.

Na farko yana jan magana kamar mai karanta labarai. Na biyu ya ɗauka fatalwa dole sai ta riƙa kakkarwa. Na ce masa, "Malam, mutuwa ya yi, ba zazzaɓi yake ba." Baba Sauti, mai ɗaukar mana murya, ya toshe baki da hularsa.

Na uku ya iya. Wannan ne abin haushin. Dattijo ne mai natsuwa, ya karanta layin agogo ya tsaya daidai inda ake tsayawa. Na neme shi da laifi sama da ƙasa, ban samu ba. Da zai tafi ya ce min ya ji na asalin, kuma bai kai shi ba. Da rashin kunya ya yi min, da na fi jin daɗi.

Oga ya ce kwana huɗu za su ishi mutumin ya ɗauki duka. Kenan Laraba ashirin da shida ita ce iyaka. Na ce kafin nan zan kawo ƙarshen da muryar Yaya. Ya ce ta yaya. Na ce ba ruwansa.

Litinin, 10 ga wata, 12:15 na rana

Ga dabarar. Muna da muryarsa ta awa da awanni. Duk kalmar da ke cikin layi arba'in da ɗayan nan ya taɓa faɗinta a wani wuri. Sai a yanko "mun" daga nan, "iso" daga can, a ɗinke.

Baba Sauti ya sosa gemu. "'Yata, ni tela ne na sauti, amma riga daga ƙyalle ɗari biyu, ko an ɗinka sai an gane."

"Baba, ka ɗinka kawai."

Ya ɗinka. Mutumin kirki ne, bai iya ƙin mutum ba, akasin Mai Lifta. A irin wasanmu, in ɗan wasa ya ɗora abu kan abin da bai dace ba, cokali kan kwan fitila misali, dole a ce masa a'a. Layin ƙi tamanin da bakwai Yaya ya ɗauka, kowanne da irin nasa rainin. Su ya fi so. Ya kan ce duk wasan da bai iya cewa a'a da daɗi ba, ba wasa ba ne.

Laraba, 12 ga wata, 7:50 na safe

Layi goma sha tara an ɗinke. Na ji wani sauti daga ɗakin Yaya da safe. Na ƙara ƙarar abin kunne.

Alhamis, 13 ga wata, 5:30 na yamma

Talatin da uku. Lafiyata lau. In wani ya ƙara tambayata zan jefe shi da abin huda takarda.

Juma'a, 14 ga wata, 3:00 na rana

Mun gama, na kai wa Uwar Ƙorafi. Ita ce mai gwada mana wasa, aikinta ta danna komai sau ɗari ta rubuta abin da ya lalace, kuma ba ta san sannu ba. Ta buga fitowar ƙarshe, ta cire abin kunne.

"Kamar sanarwar tashar jirgi," ta ce. "Kowace kalma da nata yanayin. 'Mun' yana fushi, 'iso' yana dariya."

"'Yan wasa ba za su lura ba."

"Ni na lura, kuma ni ba na ma son sa kamar yadda za su so shi." Ta juyo da kujerarta. "Shi me ya ce?"

"Wa?"

"Mai muryar. Kuna ta kai ruwa rana ke da Oga, ke a bar shi, shi a cire shi. Cikinku wa ya tambaye shi?"

Na yi mata wankin babban bargo. Na ce ba ta san komai ba, ba yayanta ba ne, ta tsaya kan danne-dannenta. Ta bari na gama, sannan ta rubuta a takardar kurakurai: "Fitowa ta ƙarshe, muryar ba ta mutum ɗaya ba ce." Ta sa jan tambari.

Na sake saurara ni kaɗai bayan ta tashi. Ba zan rubuta abin da na ji ba.

Lahadi, 16 ga wata, 11:40 na safe

Anti ta shigo ɗakina ba ta jira izini ba, ta jefa min wani kwali a kan gado. Hotuna ne a jere: kofi, gado, bandaki, fuska mai murmushi, fuska mai kuka. Matar da ke zuwa koya masa magana ce ta bari, wai ya riƙa nunawa da yatsa.

"Sau uku yana wurgi da shi," in ji Anti. "Da hannun hagu, kuma yana saita. Jiya ya samu agogo. Ni ban san me yake so ba, Auta. Ruwa ne, taga ce, ni ce ba ya son gani? Ke ce kika san kansa. Sati biyu da dawowarsa, kina nan taku huɗu, kina jin muryarsa a waya, shi yana jin takunki."

Ban ba ta haƙuri ba. Kwalin na tsaya kallo. Mutumin da ya ƙirƙiro yadda za a yaudari aljanin hawa na huɗu da madubi da batirin rediyo, shi aka ba fuska mai murmushi ya nuna. Ni ma da na wurga.

Na ce ta ɗauko min hoton ɗakin gaba ɗaya da wayarta, daga kusurwa, komai ya fito, har shi a kan gado. Ta ce in zo in ɗauka da kaina. Na bi ta har bakin ƙofa na tsaya. Ita ta ɗauka.

Talata, 18 ga wata, 2:10 na rana

Kwana biyu ina abu ɗaya, Oga na zaton gyaran ɗinki nake. Na sa hoton a injin wasan kamar kowane ɗaki na benen, na zagaye kowane abu, na laƙa masa layi daga cikin waɗanda Yaya ya riga ya ɗauka. Kofi: "Wannan shayin ya huce tun zamanin kakanki." Taga: "Buɗe, mu ga me duniya ta ɓata yau." Fanka, rediyo, bargo, filo, ƙofar bandaki, tsohon makirufonsa da ke kan kantar ɗakin. Na zuba layin ƙi tamanin da bakwai a maɓalli guda ja.

Muna da doka ɗaya a ofis, Yaya ne ya kafa ta: duk abin da ido ya gani a allo, in an danna sai ya yi magana. Wanda ya bar abu bebe, shi zai wanke kofunan kowa sati guda. Na bi hoton sau biyu ina dubawa.

Laraba, 19 ga wata, 6:30 na yamma

Na shiga.

Ya rame. Ba zan faɗi sauran ba. Na ajiye masa laftof a kan filo, na sa linzamin kwamfuta ƙarƙashin hannunsa na hagu, ina ta surutu kan batiri don kada a yi shiru. Ya kalli allon, ya kalli ɗakin. Kibiyar ta yi ta rawa, ta wuce kofin, ta dawo.

"Wannan shayin ya huce tun zamanin kakanki."

Da ƙarfi, da muryarsa sak. Umma ta shigo a guje da ludayi a hannu, ta tsaya a tsakiyar ɗaki tana waige. Ya sake dannawa. Anti ta taɓa kofin, ta ce, "Wallahi ya huce," ta fashe da dariya tana kuka. Umma ta zauna a bakin gado tana cewa Alhamdulillahi, ta ce bari ta kawo masa kunu-kunun nan na asibiti. Ya danna ja: "A'a. Ko da wasa." Ta ce to ƙwai. "A'a. Wa ya koya miki wannan?" Ta ce, "Ja'iri, ashe kana nan."

Ya bi komai ɗaya bayan ɗaya yadda Uwar Ƙorafi ke yi. Sannan ya kai kibiya kan ƙofar ɗakin ya danna. Shiru. Ya sake. Shiru. Na matso na duba. Ƙofar a ɗan buɗe take a hoton, kuma ta tsagar ana ganin gefen zanena da ƙafa ɗaya ba takalmi. Sau biyu na duba hoton nan, idona bai yarda ya ga wurin ba.

Ya danna sau biyar yana kallona. Sannan ya ɗaga hannun ya nuna kofi, ya nuna ni, ya ɗaga yatsu biyar, ya sauke, ya ɗaga biyu.

Kwana bakwai. Na kwashe kofunan na fita, na yi kukana a bakin famfo.

Alhamis, 20 ga wata, 9:00 na safe

Na wanke na gida, na zo na wanke na ofis. Uwar Ƙorafi ta miƙo nata ba ta tambayi komai ba. Na ce mata ta yi haƙuri da ranar Juma'a. Ta ce akwai sauran madara a gindin kofin.

Juma'a, 21 ga wata, 7:20 na yamma

Na gaya masa komai: ranar talatin da ɗaya, dattijon da ya iya, ɗinkin Baba Sauti. Na kunna masa ɗinkin. Bai kai layi na uku ba ya fara danna ja. "A'a." "A'a, ba haka ake yi ba." "A'a, kin ma san ba haka ba ne." Anti ta fita da dariyarta.

Na ce to biyu ne, Yaya. Ko ɗinki, ko a sa dattijon. Na rubuta su a allo ya zaɓa, kuma na riga na shirya faɗan da zan yi in ya zaɓi na biyu.

Bai kalli ko ɗaya ba. Ya kai kibiya kan kanta, ya ɗauki makirufo, ya ja shi a hankali har tsallaken ɗakin, ya ɗora kan hoton kansa a gado.

Ban shirya wa wannan haɗin komai ba, don haka injin ya yi abin da aka koya masa, ya jawo layin ƙi. Muryarsa ta da, cike da raini, ta ce masa, "A'a. Wannan ba zai yiwu ba."

Ya sake ɗauka ya ɗora. "A'a. Ɓata lokaci ne." Ya sake. "A'a. Ka haƙura mana." Goshinsa ya jiƙe, ya sake ɗauka. Na ce Yaya ya isa, na kai hannu zan rufe laftof ɗin. Ya buge min hannu. Ya buɗe baki, ya daɗe yana kokawa, sannan wani abu ya fito, mai kauri, a karkace, ba irin wanda na sani ba.

"Ni."

Wannan ce muryar da nake ƙara ƙarar abin kunne don kada in ji. Sati uku ina cewa ba za a taɓa muryarsa ba, ashe ni na fara ajiye shi bayan firinta. Na ji tsoronta, na rubuta a nan don kada in musa gobe. Na ce masa to, na ji.

Asabar, 22 ga wata, 10:30 na safe

Arba'in da ɗaya ba za su yiwu ba. Na zauna kusa da shi ina karantowa, yana danna ja. Ya kashe min talatin da bakwai, har da wanda na kwana uku ina gyarawa. Saura huɗu, kuma sun fi kyau, abin haushi.

Labarin ma ya zauna da kansa. Shekara arba'in ta lasifika ake jin Mai Lifta. In ya taka waje, da bakinsa zai yi magana, bakin da bai motsa ba tun ranar da ya mutu.

Litinin, 24 ga wata, 1:15 na rana

Oga ya saurare ni har ƙarshe, sannan ya ce a'a.

"Za a yi masa dariya, Auta. Ba ki san mutanen intanet ba. Za a yanki wurin a riƙa yawo da shi. Ni ba zan tsaya in ga an mai da shi abin wasa ba."

"Shi ya ce zai yi."

"Ya ce?"

"Je ka tambaye shi. Gidan bai tashi daga inda ka san shi ba."

Ya cire tabarau ya daɗe yana gogewa. Ya ce shi ne ya sami Yaya a matakala ranar da abin ya faru, kuma tun daga nan duk lokacin da ya kama hanyar gidanmu sai ya ga kansa a wani titin. Ban yi masa gori ba, da wane bakin. Na ce gobe ƙarfe goma, Baba Sauti na buƙatar mai riƙe wayar makirufo. In bai yi ba, Laraba a kira dattijon, ni da kaina zan buga masa.

Talata, 25 ga wata, 5:40 na yamma

Baba Sauti ya rataye barguna uku a ɗakin, ya kashe fanka, ya kori Umma da ludayinta zuwa falo. Oga ya shigo ya tsaya kamar wanda aka kawo gaban alƙali. Yaya ya dube shi sama da ƙasa, ya danna filo: "Ka yi ƙiba." Layin da Mai Lifta ke yi wa wani aljani ne a hawa na biyu. Oga ya zauna a ƙasa ya kama waya, bai ƙara ɗagowa ba sai da aka jima.

Awa uku, layi huɗu. Na ƙarshen kalma huɗu ne: "Mun iso. Sauka lafiya." Sau ashirin da shida ya yi shi. A na goma sha biyu ya wurgar da filo. A na goma sha biyar na ce a huta, ya danna min ja.

A wurinmu mai murya ne ke zaɓen ɗaukar da za a sa, wannan ma dokarsa ce. Baba Sauti ya kunna masa su duka. Ta ashirin da uku ta fi santsi, ita nake so. Ya zaɓi ta goma sha tara, wadda bayan "mun iso" ya tsaya daƙiƙa huɗu cur, ana jin numfashinsa yana neman kalmar, kafin ta zo.

Baba ya ce, "Zan iya rage shirun nan, ba wanda zai sani."

Wallahi na so in ce ya rage. Na dubi Yaya, hannunsa na kan linzami bai danna komai ba, ni yake kallo. Na ce, "A bar shi yadda yake, Baba."

Laraba, 26 ga wata, 11:00 na safe

Uwar Ƙorafi ta buga ƙarshen. Ta cire abin kunne, ta tafi bandaki, ta daɗe. Da ta dawo ta goge jan tambarin, ta ce maɓallin hawa na uku yana maƙalewa.

Ba a kira dattijon ba. Na buga masa na yi godiya.

Litinin, 31 ga wata, 4:00 na yamma

An tura.

Alhamis, 3 ga sabon wata, 6:15 na yamma

Kamfanin ya aiko da jerin gyara. Na bakwai: "Fitowa ta ƙarshe, akwai matsalar sauti, muryar ta sauya kuma akwai shiru na daƙiƙa huɗu. A gyara." Oga ya turo min kwamfutarsa ya ce in amsa da sunansa. Na rubuta: "Ba matsala ba ce. Haka yake magana." Ya karanta, ya danna aikawa da kansa. Ko za su yi masa dariya a duniya, ban sani ba. Wanda ya yi, ya zo ya same ni.

Ƙofar nan ta hoton, na ba ta layi tun ranar da na gama wankin kofuna. Ba a cikin nasa na samo ba, na duba duka ɗari takwas ɗin babu wanda ya dace. Baba Sauti ya ɗauke ni, ɗauka ɗaya. In ya danna, muryata ce ke cewa, "Na'am Yaya, ga ni nan."

Anti ta ce ya mai da shi abin wasa. Yau kaɗai tun dawowata sau tara. Na je na tarar ba ya son komai, taga a buɗe, shayi da zafi, yana ta kallon silin kamar ba shi ba. Matar da ke koya masa magana ta ce in daina tashi in ya danna, in jira sai ya kira da baki, haka zai fi saurin samu.

Ya danna sau uku yanzu ina rubutun nan. Na cije, ban tashi ba.

Ya daina dannawa. Shiru. Ina ƙirgawa. Ɗaya, biyu, uku, huɗu.

"Au… ta."

Na ajiye biro.